Rawar Tallafa wa Marayu a Makaranta: A Tara Kuɗin Kafin a Buga Ganga

A kowane watan Fabrairu, ɗaliban Jami'ar Penn State da ke Amurka sukan kwashe awa 46 a tsaye suna rawa, ba zama ba barci, don tara kuɗin jinyar yara masu cutar daji. A 1973 aka fara wannan rawa, kuma a 2023 abin da suka tara ya haura dala miliyan 15. Sai dai ba a filin rawar ake samun yawancin kuɗin ba. Watanni ɗaliban ke yi suna neman gudummawa wajen dangi da kamfanoni, a ƙarshen rawar kuma a ɗaga alluna a bayyana jimilla.

Malam shugaban makaranta, idan kana son ɗalibanka su yi wasan rawar gargajiya don marayu, wannan tsarin za ka ɗauka. Wanda ya dogara da abin da za a jefa ranar taro, sau da yawa kuɗin hayar rumfa da kujeru da man janareta ne za su cinye shi.

Fara da zuwa gidan marayun da kanka ka tambayi abin da suke buƙata. Wataƙila shinkafa ta ishe su, gidan sauro ne ko kuɗin jarrabawa ke damunsu. Da ka san buƙatar, sai ka sa mata farashi. "Muna neman kuɗin katifa 40" ya fi "a taimaka wa marayu" saurin buɗe aljihu, domin mai bayarwa yana ganin inda nairarsa za ta sauka.

Daga nan a ba kowane ɗalibi kati mai lamba da hatimin makaranta, mako huɗu ko shida kafin ranar. Kawu ya rubuta sunansa da abin da ya bayar, gwaggo ma haka, malamin aji ya karɓa duk Juma'a ya ba da rasit. A ja wa yara kunne: cikin dangi da maƙwabtan da aka sani kaɗai, ban da tsayawa bakin titi. Kada kuma a kunyata yaron da katinsa bai cika ba, wani gidan abin da za a ci ma da ƙyar ne. Kuɗin su shiga asusun ƙungiyar iyaye da malamai, wanda sai mutum biyu sun sa hannu a cire. Ɗawainiyar taron kuwa a nemi mai hali a unguwa ko tsohon ɗalibi ya ɗauka, don kada a taɓa na marayu.

Rawar kanta ba ta da wahala. A yi da rana a harabar makaranta, da izinin iyaye a rubuce. Maza su yi koroso, 'yan mata su yi gaɗa, awa biyu sun wadatar, a tashi kafin la'asar. Malamai su saurari waƙoƙin tun wajen gwaji.

Batun liƙi fa? A bar shi. Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta hana watsa naira a taro, hukuncinta ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun. Ban da haka, kuɗin da ya faɗi ƙasa ba duka ke isa hannun ma'aji ba. A ajiye akwati mai kwaɗo a gaban kowa, a buɗe a ƙirga a gaban wakilan iyaye.

Abin da na fi ƙi shi ne a jero marayu a gaban jama'a ana ɗaukarsu hoto don a tsuma zukata. In an gayyace su, su zauna cikin 'yan kallo kamar kowane baƙo.

Cikin mako guda a manna lissafi a allon sanarwa: abin da ya shigo, abin da aka saya, da takardar shaidar karɓa daga gidan marayun. A aika wa iyaye kwafi. In ba ka yi haka ba, Malam, baɗi kada ka sa ran kowa zai cika maka kati.