Darasi: Bangaskiya da Ayyuka, Yadda 'Yan'uwanmu Furotesta Suke Karanta Wasiƙar Romawa

A gidajenmu da yawa akwai ɗan Katolika da ɗan Furotesta suna cin tuwo a kwano ɗaya, amma da zarar an tayar da zancen ceto sai gardama ta kaure. Ya kamata mu san tushen koyarwarsu tukuna, domin kada mu yi musu shaidar zur.

Martin Luther malamin Littafi Mai Tsarki ne a Wittenberg ta ƙasar Jamus, firist ne kuma na ƙungiyar Waliyi Agustin. Ya daɗe cikin tsoro, yana azumi da furta zunubi, amma zuciyarsa ba ta sami salama ba. Da ya zurfafa cikin Romawa 1:17, sai ya gane cewa adalcin Allah kyauta ne da Allah yake ba mai zunubi ta wurin bangaskiya. A shekarar 1517 ya fitar da batutuwa 95 yana sukar cinikin takardun sassaucin horon zunubi. Da ya juya Sabon Alkawari zuwa Jamusanci a 1522, ya ƙara kalmar "kaɗai" a Romawa 3:28, domin ya jaddada cewa bangaskiya ce take kuɓutar da mutum.

To, ina matsayin ayyuka? Wasiƙar Yakubu sura 2 ta koyar cewa bangaskiyar da ba ta haifi aiki ba gawa ce. Luther bai ɗaukaka wannan wasiƙa ba, duk da haka shi da kansa ya koyar cewa ba a raba bangaskiya mai rai da aikin kirki, kamar yadda ba a raba wuta da zafinta. Majalisar Tirento kuwa, a 1547, ta tabbatar cewa babu abin da mutum zai yi ya cancanci alherin farko, amma alherin nan yana sabunta mutum har ya yi aiki tare da shi. Ku dubi manomi: ba ya sayen ruwan sama, amma gonar da ta sha ruwa dole a ga tsiro a cikinta.

A ranar 31 ga Oktoba 1999, a birnin Augsburg, Ikilisiyar Katolika da Tarayyar Lutheran ta Duniya suka sa hannu a kan sanarwa ɗaya. Sun yarda cewa ta wurin alheri kaɗai, cikin bangaskiya ga aikin Kristi, Allah yake karɓarmu, Ruhu Mai Tsarki kuma yana kiranmu ga ayyuka nagari. 'Yan Methodist sun shiga a 2006. Maganar ba ta yi nisa da mu ba, gama Akbishop Musa Panti Filibus na ikilisiyar Lutheran mai cibiya a Numan ya shugabanci wannan Tarayya daga 2017 zuwa 2023.

Har yanzu akwai bambanci tsakaninmu a kan Misa da matsayin Fafaroma, ba kuwa za mu ɓoye shi ba. Amma tambayar Luther tana gaban kowannenmu: a kan me na dogara? Idan kana ƙirga bikonka da azuminka kamar bashin da kake bin Allah, ka manta da gicciye. Idan kuma kana fahariya da bangaskiya alhali maƙwabcinka yana kwana da yunwa, ka manta da Yakubu.

A taron zumunta na wannan mako, ku karanta Afisawa 2:8-10 tare, ku lura yadda Waliyi Bulus ya fara da kyautar Allah, ya ƙare da aikin da aka halicce mu dominsa. Ubangiji ya ba mu tawali'u. Amin.