Darasi na Goma Sha Biyu: Kantin Tati na Barbès da Sirrin Ɗorewar Kasuwanci

Gabatarwa

Hausawa na cewa kasuwanci riba da asara ne. Duk wanda ya ɗauki jarinsa ya shiga kasuwa ya san zai iya komawa gida da ninkinsa, zai kuma iya komawa hannu rabbana. Wannan darasi ya ƙunshi tarihin wani babban kanti da ya yi shekara 73 a unguwar Barbès ta birnin Faris, hedkwatar ƙasar Faransa. Za a ga yadda ya tashi da yadda ya faɗi. Daga nan za a kwatanta shi da wasu gidajen kasuwanci biyu, ɗaya a birnin Liyon na Faransa, ɗaya a Kano, domin a gane abin da ke sa wani kasuwanci ya ɗore, wani kuma ya durƙushe.

Unguwar Barbès

Barbès tana arewacin Faris, cikin gunduma ta 18, ba nisa da babbar tashar jirgin ƙasa ta Gare du Nord. Ta samo sunanta daga wani babban titi da aka raɗa wa sunan Armand Barbès, ɗan gwagwarmayar siyasa na ƙarni na 19. Tun da daɗewa unguwa ce ta leburori da masu ƙaramin ƙarfi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu baƙi daga Aljeriya da Maroko da Tunisiya suka yawaita a cikinta, daga baya mutanen Afirka ta Yamma suka biyo sahu. A kasuwar Dejean da ke Château Rouge, kusa da nan, ana sayar da busasshen kifi da kuɓewa da manja da rogo, ga kuma shagunan atamfa da shadda a titunan da ke kewaye.

Sayar wa talaka kaya tsohuwar sana'a ce a wannan wuri. A shekarar 1856 wani mutum mai suna Jacques Crespin ya buɗe shago yana ba ma'aikata kaya bashi, su riƙa biya kaɗan kaɗan. Bayan rasuwarsa a 1888, tsohon yaronsa Georges Dufayel ya karɓi harkar, ya mai da shagon katafaren kanti mai kama da fada. Dufayel ya mutu a 1916, kantin kuma ya rufe a 1930.

Jules Ouaki da ƙaramin shagonsa

An haifi Jules Ouaki a ƙasar Tunisiya a 1915, cikin zuriyar Yahudawan ƙasar. Ya zauna a Faris bayan yaƙi, lokacin da tufafi ke da wuyar samu kuma kuɗi ya yi ƙaranci a hannun jama'a. A 1948 ya buɗe wani ɗan shago a titin Belhomme, cikin Barbès. Ya so ya sa masa suna Tita, wato laƙabin mahaifiyarsa, sai ya tarar wani ya riga ya yi rajistar sunan. Sai ya juya gaɓoɓin kalmar, ta koma Tati.

Dabarar Ouaki ta tsaya a kan abubuwa uku. Na farko, yana bin masaƙu da masana'antun ɗinki yana saye ragowar kayan da suka yi musu kwantai, ya saya a dunƙule, ya biya kuɗi hannu. Mai kayan da ke cikin matsi yakan sallama da araha idan ya ga kuɗi a ƙasa. Na biyu, yana ɗora riba ƙanƙanuwa a kan kowane kaya, domin kayan su fita da sauri, kuɗin su dawo, a sake saro wasu. Na uku, ya canza yadda ake tarbar mai saye. A wancan zamani, a yawancin shagunan tufafi, kaya suna bayan kanta, sai mutum ya tambaya a ɗauko masa, talaka kuwa yakan ji nauyin tambayar farashin abin da ba lalle ya iya saya ba. Ouaki ya zuba kaya cikin manyan kwanduna har bakin titi, ya rubuta farashi da manyan lambobi. Kowa na iya tonawa, ya ɗaga, ya duba, ya ajiye, ba mai ce masa uffan.

Wannan hanya tana da kasada. Wanda ya zuba duk kuɗinsa a kayan da wasu suka kasa sayarwa, idan lissafinsa ya kuskure, kwantan ya dawo kansa. Abin da ya kare Ouaki shi ne sanin da ya yi wa masu sayen kayansa. Yana tare da su kullum, ya san abin da matar lebura ke nema wa 'ya'yanta da abin da baƙo ke son kai wa iyalinsa tsaraba.

Lokacin bunƙasa

Ciniki ya kankama, Ouaki ya riƙa sayen gine-ginen maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, har Tati ya mamaye wani dogon sashe na titin Rochechouart. An buɗe rassa a wasu unguwannin Faris, kamar République da titin Rennes. Jakar ledar kantin, mai zanen dara-dara na ruwan hoda da fari, ta zama alamar da kowa ya sani. Matafiya masu komawa Afirka hutu sukan yi sayayya a nan kafin su nufi filin jirgi. Babbar jakar nan mai ratsi-ratsi da ake cusa kaya a ciki, wadda a Nijeriya ake kira Gana-mas-go tun bayan korar baƙi ta 1983, a Faransa da sunan Barbès ake kiranta.

Kantin ya ga jarrabawa. A ranar 17 ga Satumba 1986 bam ya tashi a gaban reshensa na titin Rennes, mutum 7 suka rasa rayukansu. Duk da haka jama'a ba su ƙaurace masa ba. A 1991 shahararren telan nan ɗan asalin Tunisiya, Azzedine Alaïa, ya yi amfani da zanen Tati a ɗinkunansa, masu kuɗi ma suka fara alfahari da abin da a da suke rainawa.

Lokacin faɗuwa

Jules Ouaki ya rasu a farkon shekarun 1980. A 1991 ɗansa Fabien Ouaki ya karɓi ragamar kamfanin. A zamaninsa Tati ya shiga sana'o'i iri iri: sayar da zinariya, da tabarau, da shirya tafiye-tafiyen shaƙatawa. An buɗe rassa a ƙasashen waje, har da shagon rigunan amare a wani titi mai tsadar haya na birnin New York a Amurka. Kowane sabon reshe yana cin kuɗi da hankalin shugabanni, alhali tushen kasuwancin yana fuskantar barazana a gida.

Barazanar kuwa ta zo ta fuskoki da dama. Kamfanin Zara na ƙasar Sifen ya shigo Faris a 1990, H&M na ƙasar Suwidin ya biyo baya a 1998. Waɗannan suna ba masana'antu odar ɗinki da yawan gaske, suna kawo sabon yayi cikin 'yan makonni, a farashi mai sauƙi, cikin shaguna masu tsari. Araha ta daina zama ta Tati shi kaɗai. Ta ɓangaren Afirka kuma, a watan Janairun 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa da ke daidai da sefa 50 ya koma sefa 100. Kayan Faris suka ninka tsada ga ɗan kasuwar Yamai ko Maraɗi. Sannu a hankali fatake da yawa suka karkata zuwa Dubai da birnin Guangzhou na ƙasar Sin.

A 2003 Tati ya kasa biyan basussukansa, al'amarin ya je gaban kotu, a 2004 kuma kamfanin ya fita daga hannun iyalin Ouaki. Ya koma ƙarƙashin rukunin Eram, sannan a 2017 mai kamfanin Gifi ya saye shi. Ciniki ta intanet ya ƙara rage masu zuwa, annobar korona ta 2020 ta ƙarasa abin da ya rage. A 2021 aka rufe kantin Barbès, ma'aikatan da wasunsu suka shafe shekaru masu yawa a wurin suka watse.

Gidan Bahadourian a Liyon

Birnin Liyon ma yana da unguwar baƙi irin Barbès, ana kiranta Guillotière. A can ne wani ɗan gudun hijira Ba'armeniye, Djebraïl Bahadourian, ya buɗe shagon kayan abinci a 1929. Shi ma, kamar Ouaki, baƙi 'yan'uwansa ya fara yi wa hidima: yana kawo musu kayan yaji da hatsi da busassun 'ya'yan itatuwa irin na ƙasashensu. Zuriyarsa ta faɗaɗa harkar ƙwarai, amma ba ta fita daga fagen abinci ba, wato fagen da ta gada kuma ta ƙware a kai. Hukumar birnin ta raɗa wa wani dandali na unguwar sunansa.

Gidan Ɗantata a Kano

Misali na uku daga ƙasar Hausa yake. An haifi Alhassan Ɗantata a Bebeji a 1877, cikin Agalawa, waɗanda aka sani da fatauci. Ya fara da cinikin goro tsakanin ƙasar Gwanja da Kano, yana daga cikin waɗanda suka fara ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Ikko. Da titin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa suka buɗe neman gyaɗa, sai ya juya akalarsa zuwa can. Hajar ta canza, amma kayan aikinsa ba su canza ba: yaransa da ke warwatse a ƙauyuka, da amanar da ke tsakaninsa da manoma, da al'adarsa ta ba da kuɗi tun kafin kaka. Da aka buɗe banki a Kano a 1929, raƙuma 20 ne suka kai masa kuɗin azurfa ajiya. Ya rasu a 1955. Tattaɓa-kunnensa Aliko Ɗangote shi ma ya fara da sayo siminti da sukari da shinkafa, daga baya ya kafa masana'antun sarrafa siminti da sukari, har ya kai ga matatar man da aka ƙaddamar a Legas a 2023.

Abin lura

Dukan mutanen nan uku sun yi kasada, kuma dukansu sun dogara da sanin jama'ar da suke hulɗa da ita. Bambancin ya fito ne a lokacin da zamani ya juya. Iyalin Bahadourian sun girma a cikin sana'ar da suka sani. Ɗantata ya canza haja, ya riƙe mutanensa da hanyoyinsa. Magadan Ouaki kuwa sun bazu cikin sana'o'in da ba su saba da su ba, daidai lokacin da abokan gasa suka ƙwace musu makaminsu na araha. Saboda haka ɗan kasuwa yana bukatar ya rarrabe tsakanin abin da ya kamata ya sauya da abin da in ya sake shi kasuwancinsa ya rasa tushe.

Ma'anar kalmomi

jari: kuɗi ko kayan da ake fara sana'a da su
kwantai: kayan da suka daɗe ba a saya ba
sari: sayen kaya da yawa don a sayar ɗai-ɗai
kuɗi hannu: biya nan take, ba bashi
kasada: yin abin da ke iya jawo asara
haja: kayan sayarwa
fatauci: ciniki daga wata ƙasa mai nisa zuwa wata
tsaraba: kyautar da matafiyi ke kawo wa mutanen gida
hannu rabbana: ba tare da komai ba
tattaɓa-kunne: ɗan jika

Karin magana

1. Da ruwan ciki akan ja na rijiya.
2. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.
3. Zuwa da kai ya fi aike.
4. Taura biyu ba ta taunuwa.

Tambayoyi

1. Daga ina sunan Tati ya samo asali?
2. Waɗanne dabaru uku Jules Ouaki ya bi?
3. Me ya sa talaka yakan ji nauyin shiga shagunan tufafi na wancan zamani?
4. Ta yaya karyewar darajar sefa a 1994 ta shafi fataken Nijar?
5. Mene ne Alhassan Ɗantata ya canza bayan 1911, mene ne kuma ya riƙe?

Aiki

(a) Ku zaɓi karin magana biyu daga cikin na sama, ku bayyana da wane sashe na labarin kowanne ya dace.
(b) Ku nemo jimloli biyar da aka yi amfani da "riƙa" ko "-kan" a cikinsu, ku faɗi bambancin ma'anarsu.
(c) Ku rubuta sakin layi biyu a kan wani kanti ko kamfani na ƙasarku da ya taɓa bunƙasa sannan ya rufe, ku yi amfani da kalmomin jari, riba, asara, kasada da kwantai.