DARASIN YAU: HOTON ƘWAƘWALWAR JARIRI TA MAƊIGA



'Yan uwa magidanta da iyaye mata, yau za mu yi magana a kan maɗiga, wato wurin nan mai taushi a tsakiyar kan jariri. Cikin hikimar Allah, ƙasusuwan kan jariri ba su gama haɗewa ba a lokacin haihuwa. Galibi sai ya kai shekara 1 zuwa shekara 1 da rabi maɗigar ke rufewa. Kafin nan, ta zama taga da likita zai leƙa ƙwaƙwalwa.

Na'urar ita ce dai irin wadda ake yi wa mai ciki sikanin da ita. Ana shafa ɗan mai a maɗigar, a ɗora kan na'urar, hoton ya fito a allo. Da sauti take aiki. Ba allura, ba yanka, ba zafi, kuma cikin 'yan mintuna an gama.

Me take nunawa? Zubar jini a cikin ƙwaƙwalwa, taruwar ruwa mai sa kai ya yi ta girma, da wasu nakasun halitta.

Waɗanda suka fi buƙata:
1. Bakwaini, musamman wanda aka haifa kafin mako 32 ko bai kai kilo 1.5 ba. Jijiyoyin jininsa ba su yi ƙwari ba, kuma zubar jinin ta fi faruwa a kwana 3 na farko, wani lokaci ba tare da wata alama ba.
2. Wanda aka sha doguwar naƙuda, ya fito bai yi kuka ba.
3. Mai jijjiga, ko wanda ya yi sanƙarau.
4. Wanda kansa ke saurin girma, maɗiga ta kumbura, idanu suna kallon ƙasa, ga amai da ƙin kama nono.

Ku saurara da kyau. Ni mai maganin gargajiya ne, amma ruwan da ya taru a kai ba habbatus sauda ko man zaitun ke janye shi ba. Kada a yi tsaga, kada a lafta wa maɗiga ƙulli, kada a ba jariri zuma kafin ya cika shekara. Aikin likitocin ƙwaƙwalwa ne, su kan sa siririyar roba ta riƙa kai ruwan zuwa ciki. Ana yin wannan a asibitocin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano da na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Jinkiri kuwa yana iya taɓa gani, tafiya da fahimtar yaro.

Kada mu yi saurin cewa iska ce ko kambun baka. A yi masa addu'a, a tofa masa, sannan a kai shi asibiti a ranar. Manzon Allah (SAW) ya umarce mu da neman magani, kuma yaro amana ce a wuyan uba. Maigida, kada ka ce sai bayan suna.

Allah Ya raya mana zuri'a cikin lafiya da imani. A tura wa 'yan uwa.

Wallahu a'alam.