Yawon Ɗaukar Hoto a Birnin Kano

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Mutumin ƙauye yakan tafi birni, ya komo yana ba da labari, waɗansu su yarda, waɗansu su ce ƙari ne. Amma in ya nuna hoto, gardama ta ƙare. A da sai mai kamara ke ɗaukar hoto. Yanzu kuwa wayar hannu ma tana ɗauka. To, bari mu zaga wata unguwa cikin birnin Kano a ƙafa, mu koyi yadda ake yi.

Fita da hantsi, ko kuwa bayan la'asar. Da tsakar rana haske yakan yi yawa, inuwa ta rufe idanun mutane. Hoto da haske yake samuwa. Hasken yana shiga ta ɗan gilashin nan na bayan waya. Saboda haka goge gilashin da ƙyalle mai taushi, tun ba lokacin hazo ba. Ka ba rana baya, domin ta haska abin da za ka ɗauka. In ka fuskance ta, fuskar mutumin da ke gabanka za ta fito baƙa. Riƙe wayar da hannu biyu, ka matse gwiwoyin hannunka a jikinka. Hannu in ya yi rawa, hoto ya ɓaci.

Fara daga Ƙofar Mata. A nan akwai karofi, inda marina suke rini da baba da toka cikin ramuka masu zurfi. Kada ka tsaya daga nesa. Matsa kusa, ka ɗauki hannun marini yana tsoma zane. Abu guda wanda ya fito sosai ya fi goma da ba a gane su.

Daga nan bi hanya sai Babban Masallaci da gidan Sarki, wanda ake kira Gidan Rumfa. Sarki Muhammadu Rumfa ne ya gina shi. Ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Shi ne kuma ya kafa Kasuwar Kurmi. Kusa da fada akwai Gidan Makama, wanda aka mai da shi gidan adana kayan tarihi. Ɗaga kanka ka dubi zankwaye da zanen da magina suka yi a bango. Irin wannan gini na ƙasa yana ƙarewa. Damina tana cinsa, siminti yana maye gurbinsa. Ko ganuwar birni ma ta rushe a wurare da yawa. Abin da ka ɗauka yau, watakila jikanka ba zai gan shi ba sai a hotonka.

A Kurmi lunguna matsattsu ne, mutane kuwa suna neman abincinsu. Kada ka tare hanya. Rakuɓe gefe, ka ɗauki dukawa da masu sayar da kayan doki.

Ga babbar magana. Fuskar mutum tasa ce, ba taka ba. Yi sallama, ka gaisa, sa'an nan ka nemi izini. In ya ce a'a, ka yi godiya ka wuce. Kada ka leƙa zauren kowa. Kada ka ɗauki matan mutane, ko yara ba da sanin iyayensu ba, ko mai bara don a yi masa dariya. Hoto in ya fita daga wayarka, ba ya komowa. Ka kuma nisanci barikin soja da wurin 'yan sanda. Duba allo ko an rubuta an hana ɗaukar hoto. In ba ka tabbata ba, tambaya. Matambayi ba ya ɓata.

In ka komo gida, zaɓi masu kyau ka kai a wanke maka su a takarda, gama waya takan ɓace ko ta lalace. Rubuta sunan wurin da kwanan wata a bayan kowane. Ba kuwa sai Kano ba. Kasuwar garinku, da maƙera, da tsohuwar rijiya, duk sun isa a ɗauka.

Tambayoyi

1. Wane lokaci ya fi kyau a ɗauki hoto?
2. Don me ake ba rana baya?
3. Wane sarki ne ya kafa Kasuwar Kurmi?
4. Me za ka yi kafin ka ɗauki hoton mutum?
5. Rubuta abu uku na garinku waɗanda kake so jikokinka su gani.