Darasi Kan Wayar Salula da Na'urar Nuna Hanya Lokacin Tuƙi



Ya ku ƴan'uwa musulmi, darasinmu na wannan karo ya shafi wani abu ƙarami da ke cikin aljihun kowannenmu, amma yana iya zama sanadin maraici da zawarci cikin ƙiftawar ido. Muna nufin wayar salula, da kuma na'urar nuna hanya wadda ake kira GPS, da direbobi ke maƙalawa a gilashin gaban mota. Za mu duba yadda ƙasar Faransa ta tsara dokokinta a kan wannan al'amari, domin ta bi shi daki-daki tsawon shekaru, sannan mu ga abin da malamanmu suka tabbatar.

Na farko: girman haɗarin

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na shekarar 2023 cewa mutum kimanin miliyan 1.19 ne ke rasa rayukansu kowace shekara a haɗarin hanya. Ta kuma nuna cewa direban da ke amfani da waya yana tuƙi, yiwuwar ya yi haɗari ta ninka ta waninsa kusan sau 4.

Dalilin haka lissafi ne mai sauƙi. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cinye mita 25 cikin daƙiƙa guda. Idan direba ya sunkuyar da kai na daƙiƙa 4 domin karanta saƙo, ya yi tafiyar mita 100 ke nan idonsa ba ya kan kwalta. Duk wanda ya san hanyar da ta taso daga Yamai ta bi Doso da Birnin Ƙonni zuwa Maraɗi da Damagaram, ya san abin da ke iya shiga cikin mita 100: amalanke, ko garken shanu, ko yaro da tallar gyaɗa. Haka ma ɗan kabu-kabu da ke gudun kilomita 36 a cikin gari, mita 10 yake shafewa a kowace daƙiƙa.

Na biyu: hannu da kunne

Tun shekarar 2003 Faransa ta haramta wa direba riƙe waya a hannu yana tuƙi. A shekarar 2012 aka ƙara tsananta horon: tarar yuro 135, watau jika 88 da ƴan kai na kuɗin sefa, tare da zare maki 3 daga cikin maki 12 na takardar izinin tuƙi. Wanda makinsa suka ƙare, takardarsa ta mutu.

Da mutane suka koma cusa abin sauraro a kunne domin kauce wa dokar, sai aka haramta shi ma daga ranar 1 ga Yuli, 2015, ga masu mota da masu babur har da masu keke, saboda yana toshe ƙarar oda da jiniyar motar asibiti. A shekarar 2018 kuma babbar kotun ƙasar ta yanke hukunci cewa wanda ya tsaya a kan hanyar da motoci ke bi, ko da ya kashe inji, har yanzu direba ne a idon doka. Sai ya nemi wurin ajiye mota kafin ya ɗauki waya, in ba lalura ce ta tsayar da shi ba. Daga watan Mayu na 2020, idan aka kama mutum da waya a hannu yana kuma aikata wani laifin, kamar ƙetare jar wuta ko wuce ƙa'idar gudu, ana karɓe takardarsa nan take, ana iya dakatar da ita har wata 6.

Na uku: ido da gilashin gaba

Dokar ba ta hana na'urar nuna hanya ba, domin tana taimakon matafiyi. Amma ta gindaya sharuɗɗa guda biyu. Sharaɗi na ɗaya, kada wani abu da aka maƙala a gilashi ya tare wa direba gani. Saboda haka mazaunin na'urar shi ne ƙasan gilashi daga gefe, ko kan allon da ke gaban direba, ba tsakiyar gilashi ba inda za ta iya ɓoye mai tafiya a ƙasa ko mai babur. Sharaɗi na biyu, allon da ke aiki a gaban idon direba ya zama na taimakon tuƙi ne kawai. Wanda ya kunna fim ko wasan ƙwallo yana tuƙi, tararsa na iya kai yuro 1,500, kusan miliyan 1 na sefa, a zare masa maki 3, a kuma ƙwace na'urar.

Ku lura da hikimar da ke ciki, ya ƴan'uwa. Waya guda ce, a maƙale wuri guda. Idan tana nuna taswira an yarda da ita, idan tana nuna abin shagala ta zama laifi. Ashe abin da doka ke tsarewa shi ne hankalin direba. Don haka ne ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa magana ta lasifikar mota, duk da ba a riƙe wayar ba, ba ta fi riƙewar aminci da wani abu mai yawa ba, domin wanda ke cinikin buhunan albasa ta waya, idonsa na kan hanya amma zuciyarsa na kasuwa.

Na huɗu: matsayin shari'a

Kare rai yana cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo domin tsare su, tare da addini da hankali da nasaba da dukiya. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen musulmi, a zamanta na 8 da ta yi a ƙasar Burunai cikin shekarar 1993, ta tabbatar da cewa bin dokokin hanya waɗanda ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, kuma direba yana ɗaukar alhakin ɓarnar da sakacinsa ya jawo. Hukuncin kisan kuskure kuwa sananne ne a Suratun Nisa'i, aya ta 92: diyya ga iyalan mamaci, da kaffara, wadda a wannan zamani ta koma azumin wata biyu a jere. Faɗin cewa ƙaddara ce ba ya ɗauke wannan nauyi daga kan mai sakaci.

Na biyar: abin da ya kamace mu

Mu shigar da sunan garin da muka nufa cikin na'ura tun kafin mu tada mota, mu bar muryarta ta yi mana jagora. Mu ajiye ta inda ba za ta tare gani ba, mu ɗaure ta da kyau don kada ta faɗo mu sunkuya nemanta. Idan kira ya shigo, mu miƙa wa yaron mota ko abokin tafiya, ko mu sauka daga kwalta mu tsaya a wuri amintacce. Mai gida da ya san direbansa na kan hanya, ya daina damunsa da kiran "ina kuka kai?". Fasinja kuma kada kunya ta hana shi cewa: "Malam direba, don Allah ajiye wayar nan." Wannan nasiha ce, kuma ransa ne a cikin motar.

Allah Ya tsare matafiyanmu, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba mu ikon riƙe amana. Allah ne Mafi sani.