DARASI: KIWON ƘARAMAR MESA MAI DUNƘULEWA

Ƴan uwa manoma da makiyaya, darasinmu na yau kan wani kiwo ne da ba mu saba ba. A Turai da Amurka akwai masu ajiye maciji a gida don sha'awa, kamar yadda yaranmu ke kiwon tantabara. Wanda suka fi so kuwa ɗan ƙasashenmu ne na Afirka ta Yamma, wato ƙaramar mesa. Daga Gana da Togo da Benin aka fi kai musu ita.

1. KAMANNINTA

Ba ita ce babbar mesar da ke haɗiye akuya ba. Tsawonta mita 1 ne zuwa 1 da rabi. Jikinta sumul, baƙi-baƙi da zane ruwan zinariya, cikinta fari. Ba ta da dafi. In ta ji tsoro sai ta dunƙule kamar curin fura, ta ɓoye kanta a tsakiya. Da rana tana kwance cikin ramin kusu ko tsohon suri, da dare ta fito farauta. Abincinta kusa da ƙananan tsuntsaye. Ke nan ita mai taimakon manomi ce, don maƙiyin rumbu take ci.

2. ƊAKINTA

Abin da za a riƙe shi ne wannan: akwatin ya zama kamar ramin da ta baro. Wurin ɗumi, wurin sanyi, danshi da duhu. In ɗaya ya rasa, ta daina cin abinci.

Babba tana son akwati mai tsawon santimita 120, faɗi 60, tsayi 60. A huda ƙananan kafofin iska. A sa murfi mai sakata, don tana da ƙarfin ture murfi. Mesa guda, akwati guda.

A shimfiɗa ƙasa mai riƙe danshi da busassun ganye, ba rairayi ba. A kife maɓoya biyu, guda a kowane gefe. Fasasshiyar tukunya ko ƙwarya mai ƴar ƙofa ta isa, amma ta zama daidai jikinta, don ta fi samun kwanciyar rai a matsattsen wuri. A aje kasko mai nauyi da ruwa mai tsabta, a riƙa sake shi kullum.

3. ZAFI DA DANSHI

Maciji ba ya yin ɗumin jikinsa da kansa, daga waje yake samu. Don haka gefe guda ya kai awo 31 zuwa 32 a ma'aunin zafi, ɗaya gefen 25 zuwa 26. Ita za ta zaɓi inda take so. A ƙasashen sanyi da lantarki suke ɗuma gefen, tare da na'urar da ke yanke wuta in zafi ya yi yawa.

A nan wajenmu abin ya sha bamban. Da bazara zafin Maraɗi ko Damagaram yana wuce 40. Akwati a rana ko ƙarƙashin rufin kwano kabari ne. Da hunturu kuma iska ta bushe ƙwarai, dare ya yi sanyi, alhali ita tana son danshi kamar kashi 60 cikin 100. Sai a riƙa yayyafa ruwa ga shimfiɗa, ba tare da ta jiƙe sharkaf ba.

Saɓa ita ce shaida. In idonta ya yi hazo, saɓa ta kusa, a ƙara danshi, a ƙyale ta. In ta fita ɗungum, ɗaki ya yi kyau. In ta fita gutsi-gutsi, ya bushe.

4. ABINCI

Ƙarama kusu guda kowane kwana 7. Babba kowane kwana 10 zuwa 14. Kada kaurin kusun ya wuce kaurin tsakiyar jikinta. Matacce ake ba ta, don mai rai yana iya cizon ta. Kusun da ya ci guba kuwa kashe ta zai yi. In ta ci, kada a ɗauke ta sai bayan kwana 2, in ba haka ba ta amayar. Sabuwar zuwa a bar ta mako guda ba taɓawa. Wanda ya taɓa ta ya wanke hannu da sabulu, don kashinta na ɗauke da ƙwayar cutar zawo.

Tana kai shekara 20 zuwa 30 a hannun mai kiwo. Mai ɗauka ya san nauyin da ya ɗauka.

5. GARGAƊI

Kama da wane ba wane ba ne. Kububuwa ma tana naɗewa, amma kanta a waje yake, jikinta kaushi, tana goga shi yana ƙara kamar ruwa a kasko mai zafi. Kasa kuma mai faɗin kai ce, tana huci. Su biyun suna kisa. Kada yaro ya ji ana sayen maciji ya tura hannu cikin rami. Wanda aka sara a kai shi likita nan da nan, ba tsaga, ba ɗauri, ba tsotsa.

Na biyu, doka. Yarjejeniyar CITES ta 1973 ta hana ƙetare iyaka da mesa sai da takarda. Kafin ka kama ko ka ajiye naman daji, nemi ma'aikatan gandun daji. Uwar ƙwai kaɗan take yi, sau da yawa 6 ko 7, ta kwanta kansu wajen wata 2. In kwasa ta yi yawa, kusa ne za su ci riba.

TAMBAYOYIN TATTAUNAWA

1. Me ya sa ake sa maɓoya biyu cikin akwatin?
2. Yaya ake bambanta ƙaramar mesa da kububuwa?
3. Wane maciji ke cin kusa a karkararku, kuma me kuke yi masa in kun gan shi?