Tsuguno da ɗan nauyi a hannu: motsa jiki don ƙarfafa ƙafafun mai juna biyu

Uwargida, tsuguno ba baƙon abu ba ne a gare ki. A cikin garin Birnin Gwari kike, ko a Kuyello, Dogon Dawa da ƙauyukan bakin dajin Kamuku, kullum kina tsugunawa gaban murhu da wajen wanki. To, amma tsugunon aiki daban, na motsa jiki daban.

Amfaninsa

Kafin ta haihu, mace mai matsakaicin jiki takan ƙara kilo 11 zuwa 16, kuma cinyoyi da ƙugu ne ke ɗauke da wannan nauyi. Idan ba su da ƙarfi, sai nauyin ya koma kan baya. A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci masu ciki lafiyayyu su motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, har da motsin da ke ƙarfafa tsoka, domin yana rage haɗarin hawan jini da ciwon sukari na lokacin ciki. Ƙafa mai ƙarfi kuma za ta yi miki rana a ranar naƙuda.

Yadda ake yi

1. Ki ajiye kujera mai ƙwari a bayanki, ki jingina ta da bango.
2. Ki buɗe ƙafafu su ɗan wuce faɗin kafaɗa, don ciki ya sami wuri.
3. Ki riƙe robar ruwa mai lita 1 da hannu biyu, manne da ƙirji. Lita 1 na ruwa kilo 1 ne.
4. Ki sauka a hankali kamar za ki zauna, baya a miƙe, diddige a ƙasa, kina jan numfashi.
5. Da kin taɓa kujerar, ki miƙe kina fitar da numfashi. Kada ki riƙe numfashi, kada ki yi yunƙuri.

Ki yi sau 8 zuwa 10, ki huta, ki maimaita, kwana 2 ko 3 a mako. Makon farko ki yi hannu sake. Idan magana ta gagare ki saboda haki, kin wuce gona da iri.

Wadda bai kamata ta yi ba

Ki fara tambayar ma'aikaciyar jinya a wajen awo. Ba a yarda ba ga mai zubar jini, mai hawan jini, mai tsananin ƙarancin jini, wadda aka ɗaure wa bakin mahaifa, da wadda hoto ya nuna mabiyiya ta tare hanya.

Ki dakata nan take idan kin ji jiri, ciwon ƙirji, ciwon kai mai tsanani ko murɗawar mara, ko kin ga jini ko ruwa. Ki nufi asibiti mafi kusa, kada ki jira dare ya yi, musamman idan ƙauyenku da nisa.

Ga maigida da uwar miji

Ciki yana sassauta gaɓoɓi, don haka ɗaukar jarka mai lita 25, wato kilo 25, ko damin itace daga daji ba motsa jiki ba ne, wahala ce. Ku ɗauke mata su, a bar ta da robarta.

Allah Ya raba lafiya.